Abin da Makirfo Ya Ɗauka Ranar Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babban wa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da tagwaye. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sassauta maka wahalar aiki da zaman nesa, ya raya mana yaran cikin albarka. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana hawa bene ba tare da ta zauna a tsakiya ta huta ba. Sai dai likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana likita zaman lafiya. Kawu tun da ya yi ritaya ya zama sufeton gidan kowa, jiya ma sai da ya zo ya gyara mana fankar da babu abin da ya same ta, ya bar ta tana ƙara. 'Yata, Takwarar Mama, ta shiga aji biyu, ta iya rubuta sunanta, ta kuma rubuta shi a bangon falo da jan biro don kada a manta.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai aya. Da na fara sai ka ce ka gane, ka gane, alhali ban ma zo wurin ba, ga Mama a gefe tana yi mini alama da ido in yi shiru. Ita ce ta isar mini da saƙonka shekaranjiya, wai ranar Asabar ta sama Kawu zai ɗauke ni da Takwara ya mayar da mu gidan mijina, abokinka. Ta ce ka ce ya kira ka yana kuka kamar ransa zai fita, kuma shekara ashirin kuna tare ba ka taɓa ganin ya ɗaga wa ko kaza hannu ba, abin da ya faru sharrin shaiɗan ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Tun rasuwar Baba maganarka ce magana a gidan nan. Idan ka ce a tafi, Mama za ta haɗa mini kaya tana hawaye, amma za ta haɗa. Shi ya sa na ba matar abokin aikinka da za ta taso gobe wannan takarda, don ta riga Asabar ɗin isa gare ka. Ka samu wuri ka zauna, Yaya, ka karanta har ƙarshe.

Sai na fara da aikina, wanda ka daɗe kana yi mini tsiya a kansa, wai an kai ni makaranta na ƙare a dukan kayan lambu. To gaskiyarka. Fim ɗin zane ba ya zuwa da sauti ko ɗaya, masu zane su zana, mu kuma mu sa masa ƙara. Ina da wani ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ƙofarsa ta fi ta firij kauri, idan aka rufe ko ihu ka yi na waje ba zai ji ba. A ciki akwai makirfo da tebur da tarkacen da in ka gani za ka ce bola ce: tsofaffin takalma, sarƙar keke, kwalin yashi, rigar fata. Idan jarumi ya kai naushi, ni ce nake naɗe kabeji a jiƙaƙƙen tawul in maka masa gudumar katako. Idan ƙashi ne ya karye, karas uku nake haɗawa in murɗe. Idan kai ne ya bugi bango, kankana ce take shan wahala. Shekara shida ina wannan, kuma ba yabon kai ba, a duk kamfanin babu wanda ya kai ni iya duka.

Fim ɗin da muke yi bana irin wanda tagwayenka suke so ne. Wani makanike ne mai ƙarfin tsiya, yana ɗaga mota da hannu ɗaya, kuma duk lokacin da ya sauka ramin da ake duba ƙasan mota sai ya fito a wata duniyar daban. Garejin ɗaya ne, titin ɗaya ne, amma a wata duniyar komai ja ne, a wata an zana mutane kamar da gawayi, a wata kuma shi kansa tsoho ne mai dogara sanda. Daraktanmu, wani siriri mai shan shayi ba sukari, ya ce irin wannan labari yana da dokokinsa, wanda ya karya su 'yan kallo ba za su yafe masa ba. Ba a nuna jini saboda yara, sai dai tartsatsi da taurari. Mugu ba ya duka sai ya yi jawabi, kiɗa kuma ya canza, don kowa ya shirya. Jarumi zai faɗo daga bene mai hawa talatin ya fasa kwalta, kafin ka ƙirga uku ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ranar da na tambaye shi ko ba za a bar bawan Allah ya ɗan ɗingisa ba, sai ya ce ɗingishi na wanda ba za a sake gani a fim ɗin ba ne.

Amma babbar dokar, wadda ya rubuta a allo ya ja mata layi biyu, ita ce ta mugu. A irin wannan fim, in ji shi, mugun ba baƙo ba ne. Jarumin ne da kansa daga wata duniyar, fuska ɗaya, murya ɗaya, sai dai shi wani abu ya same shi a can ya lalace. Za a yi ta gwabzawa ana rushe gari, sannan saura minti goma a tashi sai mugun ya durƙusa ya yi kuka, ya faɗi abin da ya ɓata shi, jarumi ya miƙa masa hannu, 'yan kallo su share hawaye su tafi gida. Yaya, ranar da ya yi wannan bayanin na ji kamar da ni yake, domin shekara takwas ke nan haka nake ba kaina labarin abokinka. Na raba shi biyu. Akwai wanda ka sani, mai fara'a, mai kai Mama asibiti, wanda ba a raba shi da sahun gaba. Akwai kuma wanda yake fitowa in an rufe ƙofa. Duk sanda ya gama sai ya zauna a bakin gado ya dafe kai, ya ce ba shi ba ne, bai san lokacin da ya yi ba, idonsa ne yake rufewa. Ni kuma in yarda, saboda yarda ta fi haɗa kaya sauƙi.

Akwai abubuwa da yawa da ba ka sani ba, domin ni na ɓoye. Haƙorin da na ce muku ƙashin nama ne ya fasa mini, zoben hannunsa ne. Lokacin da na yi wata guda ban leƙo gida ba na ce aiki ne, haƙarƙarina biyu ne suka tsage, ya tattaka ni da takalmi a kan ya ƙwanƙwasa ƙofa na ɗan daɗe ban buɗe ba. Bara ya gwara kaina da bakin kantar kicin, kunnena na hagu ya kwana tara yana fitar da ruwa, har yau in ana magana ta wannan gefen sai na juyo, kuma ka san da kunne nake ci. Ranar ina kwance a kan tayil ina ganin ƙafafun kujera suna juyawa, Takwara ta zo ta tsuguna a kaina, ko kuka ba ta yi ba. Ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ce in tashi mana, ai a fim ɗinmu tashi ake yi. Na kuwa tashi, na wanke fuska, na ɗora girki.

To ga abin da ya faru ranar Talata, mako biyar da suka wuce. Akwai wani aiki da muke yi kafin mu fara ɗauka, muna ce masa shirun ɗaki. Kowane ɗaki yana da irin shirunsa, sai an ɗauke shi an ajiye don a riƙa cike gurbi tsakanin sauti da sauti. Injiniyanmu ya kunna na'ura, ya ce in zauna kada in motsa, shi kuma ya fita ya karɓo abincin rana. Dokar ɗakin ce a kashe waya, kowa ya sani, shi ma abokinka ya sani. Ashe yana ta kira, wai yana neman makullin motarsa na biyu. Mai gadi ya san shi, da fara'a ma ya gaishe shi ya nuna masa hanya. Ina zaune ido a rufe na ji iska ta canza, na buɗe sai ga shi a tsaye, ya mayar da ƙofar nan mai kauri ya rufe.

Babu jawabi, babu kiɗa. Marin farko ya jefar da ni daga kan kujera na faɗa cikin kwalin yashi. Ya damƙi ɗankwalina haɗe da gashi ya ɗago ni ya ci gaba, a fuska, a wuya, a ciki. Da na dunƙule na kare kaina, sai ya ɗauki gudumar da nake dukan kabeji da ita. Na ɗaga hannun hagu na tare, ta sauka a wuyan hannun, na ji ya tafi. Daga nan ban ƙara sanin komai ba sai da Injiniya ya dawo da leda a hannu ya tarar da ni a ƙasa, jinin hancina ya ɓata rigar fata, hannuna ya lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa. Kafin ya buɗe baki na ce masa kanta na taka zan sauko da takalma ta rufto da ni. Ya dube ni, ya dubi kantar da ke tsaye lafiya lau, ya ɗauke ni ya kai ni asibiti. Washegari abokinka ya zo da ayaba da lemo da jajayen idanu, ya rantse ko lokacin da ya shiga mota bai sani ba. Na koma gidansa da hannu a cikin filasta.

Bayan mako uku na koma aiki, ina duka da hannu ɗaya. Abin da ban sani ba, na'urar Injiniya tana da wata ɗabi'a, duk inda ta ji ƙara a cikin abin da aka ɗauka sai ta yanka shi gunduwa-gunduwa ta ba shi lamba. Shi kuma ruɗewar ranar ta mantar da shi cewa ya bar ta tana ɗauka. Da ya ga ƙararraki daga ɗakina, bai saurara ba ya zuba su inda muke tara naushi. Ranar da za a zaɓi sautin babban faɗan, inda mugu yake kirɓar jarumi a cikin gareji, muna zaune mu goma sha biyu a ɗakin kallo, ana ɗora naushi ɗaya bayan ɗaya a kan hoton, Darakta yana cewa a ajiye ko a zubar. Aka sa wani, sai ya yamutsa fuska ya ce wannan kuma mene ne, kamar an yar da ƙullin wanki. Aka sa na gaba, ya ce ko ɗan yaye ba zai yarda duka ne wannan ba. Aka sa wani ɗan ƙaramin ƙas, ya tambaya wai karayar ƙashin ke nan, ya ce ai wannan fensir aka karya. Ya juyo yana dariya ya ce tun da na ji ciwo hannuna ya mutu, in lallaɓa in koma wa karas ɗina. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, Yaya, domin ban gane ba. Ban taɓa jin abin daga waje ba.

Sai aka sa lamba ta gaba, murya ta fito daga manyan lasifikan nan ta cika ɗakin. Wata mata ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri, tana cewa ya yi haƙuri, ya yi wa Allah ya yi haƙuri, laifinta ne. A allo kuwa jarumi yana ta shan naushi yana fitar da taurari. Sai da ta maimaita sau biyu na gane ni ce. Injiniya ya zabura ya kashe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Darakta, mutumin da ya rushe gari bakwai a fim ɗaya, ya ajiye kofinsa ya fita, muka jiyo shi yana amai a banɗaki. Ni kunya ce ta fara kama ni, kunya kamar an tuɓe ni a kasuwa. Daga baya ne fushi ya zo, kuma har yau bai tafi ba.

Da aka watse na ce wa Injiniya ya ba ni abin gaba ɗayansa, ba yankakke ba. Ya yi ta roƙona in bar shi ya goge, na ce ya ba ni. Na shiga ɗakina na rufe, na sa abin ji a kunne, na saurare shi sau huɗu yadda nake sauraron aikin wani. Ga abin da ke ciki. Bayan ƙarar ƙofa akwai taku uku. Sannan, kafin marin farko, akwai wani ɗan ƙaramin sauti, sai kuma ƙarfe ya taɓa katako a hankali. Mutum dubu za su ji ba su san mene ne ba, ni kuwa aikina ke nan. Agogonsa ne ya kwance ya ajiye a kan tebur. Agogon da ka aiko masa da shi shekarar da aka haifi Takwara, wanda ba ya son ko ƙwarzane ya same shi. Numfashinsa kuwa daidai yake fita, kamar mai wanke mota. Yana duka yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi, ni a lokacin ban ji ba, makirfo ya ji. Ya tsaya a goma sha ɗaya. Da na kunna wayata a asibiti ranar, kira goma sha ɗaya na tarar. A ƙarshe ya ɗauki agogon ya ɗaura, ya tayar da kujerar da ta faɗi, ya fita.

Yaya, ka fi ni ilimi, ka faɗa mini, wanda idonsa ya rufe yana tunawa da agogo? Wanda bai san lokacin da ya yi ba yana iya lissafi? Babu wata duniya da wani mugun ya fito daga cikinta. Mutum ɗaya ne. Shi ne wanda kuka yi makaranta tare, shi ne mai kai Mama asibiti, shi ne mai guduma, kuma cikin hankalinsa yake a duk ukun. Ban ce ka yi ƙarya ba da ka ce ba ka taɓa gani ba. Kai ba a rufe ƙofa da kai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar ban koma gidan ba. Na biya makaranta na ɗauki Takwara da jakarta, muka wuce wurin Mama da kayan jikinmu.

Kukan da ya yi maka a waya mu ma ya yi mana shi. Ya zo ƙofar gida da rana tsaka ya durƙusa a gaban Kawu, hawaye da majina, har maƙwabta suna cewa wannan bawan Allah yana son matarsa. Da Kawu ya ce masa ba zan fito yau ba, ya dawo wani lokaci, sai ya miƙe, hawayen suka ɗauke kamar an kashe famfo. Ya hankaɗe Kawu, tsoho ɗan shekara saba'in, ya faɗa kan tukunyar fulawa ya fasa gwiwar hannu. Ya ɗauki bulo ya yi ta dukan ƙofar gida har ta lotsa, yana cewa ko gawata ce sai an kai masa. Takwara tana ƙarƙashin gado ta toshe kunnuwa. Mama da Kawu sun haɗa baki kada a gaya maka wannan, wai kada hankalinka ya tashi a nesa. Kawu ma cewa ya yi tun da ka yanke magana shi ba zai saɓa ba, ko da bandeji a hannu zai kai ni. To ni na gaya maka.

Na yi haƙuri, Yaya, Allah ne shaida. An ce mahaƙurci mawadaci, ni abin da na wadata da shi kunne ɗaya da rabi ne, da hannun da likita ya ce ba zai ƙara ɗaukar bokiti ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoye maka. A fim ɗinmu an san mugu zai tsaya saboda lokaci ya kusa cika, a gidan can kuwa ba wanda ya san a nawa zai tsaya nan gaba. Ba zan koma ba. Amma ba na so in yi wannan a bayan idonka, in zama wadda ta bijire wa yayanta ta sa mahaifiyarta a tsakiya. So nake ka tsaya mini a matsayin Baba, ka kira Kawu ka janye maganar Asabar, ka kira abokinka ka ce ya ba ni takardata. In ya ƙi akwai hukuma, Injiniya da Darakta sun ce za su tsaya shaida.

A cikin ambulan ɗin nan, naɗe a farar takarda, akwai ɗan memorin waya. Minti biyu da sakan arba'in ne. Kada ka kunna a gaban Anti da yara, ka sa abin ji a kunne. Sautin ba shi da ƙarfi, Darakta ya yi gaskiya, bai yi kama da duka ba, sai ka ƙara murya.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da mayafin da ta aiko. Ka shafa mini kan tagwaye, ka ce musu duk naushin da za su ji in fim ɗin ya fito na Gwaggonsu ne, na kabeji zalla. Ka miƙa gaisuwata ga Baffa da iyalinsa in kun haɗu, da Inna ta wajen su Anti, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mama tana gaishe ka kullum, duk da ba ta san da wannan takarda ba. Takwara ta ce in gaya maka ta fi tagwaye tsawo, ban san a ina ta auna ba.

Idan ka saurara har ƙarshe kuma ra'ayinka yana nan a kan in koma, kada ka aiko Mama, kada ka aiko Kawu. Ka kira ni da kanka ka faɗa mini da bakinka. Ba zan katse ka ba. Ina so in ji yadda muryar yayana za ta yi tana faɗin haka.

Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Auta